Wace Safar Hannu Zan Haɗa da Busasshiyar Rigar Nutso?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Kaduna ne, na koyi nutso da tukunyar iska a Legas, da jiƙaƙƙiyar riga irin wadda ruwa ke ratsawa. Yanzu na samu aikin share ragar bakin bututun famfo a kogi da dam, wani lokaci kuma a kira mu ciro abin da ya nutse. Na sayi busasshiyar riga ta hannu, irin wadda ruwa ba ya shiga, wuyan hannunta robar lateks ce. Na ga tsarin safar hannu iri-iri a intanet, Kubi, SI TECH, Rolock da sauransu, kaina ya ɗaure. Wanne zan saya? In Allah ya nufa kuma ina son zuwa ƙaro horo a Sikotilan, don haka ina neman abin da zai yi mini aiki nan da can.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Kafin mu kama sunan kamfani ko ɗaya, raba abu biyun nan da masu talla suke haɗe maka wuri guda. Akwai ƙawanya, akwai safa. Ƙawanya ita ce zoben nan mai tauri, na alminiyom ko na roba mai ƙarfi, da ke zama a wuyan hannun riga. Sau ɗaya ake sayenta, da dala, ta yi shekaru tana aiki. Safa kuwa tamkar tayar babur take: za ta huje, za ta tsage, ka jefar ka sa wata. To, abin da za ka tambayi kanka a kan kowace ƙawanya shi ne, ran da safa ta huje ina bakin dam da rana tsaka, zan iya cire ta in ɗaura wata da hannuna? Kuma wace irin safa take karɓa? Tsarin da ya ce sai safar kamfaninsa kaɗai, ya ɗaure ka ke nan da jiran saƙo daga Turai, aiki na tsaye, mai aiki na buga maka waya.

Bature ya ƙirƙiro safar nan ne saboda sanyi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen ninki 25, kuma yatsu ne ke fara mutuwa. Na yi aiki a ruwan Sikotilan cikin hunturunsu, ruwan da bai wuce digiri 7 ko 8 ba, inda cikin ƙanƙanin lokaci za ka kasa murɗa noti da yatsun da kake gani da idonka suna nan. Mu a nan damuwarmu daban ce. Abin da za ka tsare hannunka daga gare shi a Kogin Kaduna ƙazanta ce: ruwan kwatamin gari, abin da magudanun wajen Kakuri da Makera suke zubowa, baƙin man gareji, mushen dabbobi da damina. Ga tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa ta huda lafiyayyar fata ta shiga, ba sai da rauni ba. Ga cutar da fitsarin ɓera ke kawowa, ita kuma ta yanka ko ƙujewa take bi. Mutumin da ya rufe jikinsa ruf da busasshiyar riga ya bar hannu a jiƙaƙƙiyar safa, ya kulle ƙofa ne ya bar taga a buɗe, don hannu ne ke taɓa komai kuma shi ne ke yankewa.

Wannan bambancin shi ne zai sa shawarata ta saɓa da wadda za ka karanta a wurin Turawa a abu ɗaya babba, wato robar wuyan hannu. Wasu masu nutso a ƙasashen sanyi suna cire ta gaba ɗaya, su bar safa da riga su zama ɗaki ɗaya, don iska mai ɗumi ta riƙa kaiwa da komowa. Yana da daɗi, ba ƙarya. Amma ran da safa ta huje, ruwa ba zai tsaya a tafin hannu ba, zai bi hannun riga ya gangara har ƙirji. Kai kada ka cire taka. Ita ce katanga ta biyu. In ƙayar ƙurungu ko bakin tsohon kwano ya huda safa, hannu ɗaya ne zai jiƙe, ka hau sama ka wanke da sabulu, riga na nan a bushe. Ko a Sikotilan ɗin ma haka zan ce maka, domin riga cike da ruwan digiri 7 ba abin wasa ba ne.

Sai dai barin robar yana da nasa sharaɗi, kuma a nan ne sababbi suke shan mamaki. Kowace mita 10 da ka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da ke cikin safarka a mita 10 ta koma rabi, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku, a mita 30 kashi ɗaya cikin huɗu. Riga tana da bawul a ƙirji, kana danna shi iska ta shiga ta sassauta. Safa ba ta da bawul. Tunda robar wuyan hannu ta raba ta da riga, sai ta manne wa yatsu kamar an ɗaure su da igiya, safar yadin da ake sawa a ciki ta lanƙwashe ta daina riƙe ɗumi. Maganinsa ɗan abu ne: siririn tiyo mai laushi, tsawon ɗan yatsa ko ya fi kaɗan, ka zura shi ƙarƙashin robar, kai ɗaya cikin riga, ɗaya cikin safa. Wasu igiyar roba suke sawa, wasu madaukin babban yatsa na rigar ciki. In ka ji matsi, ka ɗaga hannu sama da kafaɗa, iska ta hau ta cika safar. In za ka hau sama kuma ta wannan hanyar iskar za ta koma. Iskar da ta samu shiga ta rasa hanyar fita, ita ce ke kumbura safa kamar balan-balan har ta iya ɓalle ƙawanya.

Ga inda nake son ka yi amfani da hankalinka. Yawancin aikin bakin bututu bai wuce mita 3 zuwa 6 ba. A mita 5 iskar safa ta ragu ne da kashi ɗaya cikin uku kawai, matsi ne da kowa zai iya jurewa, har ma yana sa safa ta kama yatsu ka fi jin abin da ka riƙe. A irin wannan zurfin, cikin ruwa mai datti, ni ba na sa tiyon sam, domin hanyar da iska ta bi ruwa ma zai bi. In aikin ya yi zurfi sai a sa, da sanin cewa da zarar safa ta sha ruwa an gama nutson ranar.

Yanzu ga tsare-tsaren da kansu. Akwai wanda safar take manne da riga tun kafin ka sa ta, kamar ZipGloves na kamfanin DUI na Amurka, wanda kuma sai rigar da ke da irin bakinsa. Ba ƙawanya mai tauri, ba abin da zai sarƙe, a cikin ruwa yana da daɗin sha'ani. Amma ka tuna inda kake. A watan Maris ko Afrilu, kana tsaye a bakin ruwa cikin riga ruf, rana na dukan ka, hannayenka a kulle cikin safa tun daga farkon shiri: da su za ka ja zif, da su za ka ɗaura bel, da su za ka riƙe gorar ruwa. Kafin ka shiga ruwa gumi ya taru a yatsu. A ƙasar nan kana buƙatar safar da za ka sa a ƙarshe, bayan komai ya kammala, ka kuma cire ta da farko in ka fito. Wannan kaɗai ya fitar da irin wancan tsarin daga lissafinka.

Akwai mafi sauƙi duka: ƙawanya guda a wuyan riga, ka jawo bakin doguwar safar roba ka lulluɓe ta a kai, wani lokaci da zoben roba a sama ya ƙara riƙewa. Ba makulli, ba abin karyewa. Masu aikin ruwa mai guba da rigunan roba zalla irin na Viking suna amfani da dangin wannan, su ƙara ɗamara su ɗaure. Aibinsa shi ne da wuya ka sa safa ta biyu kai kaɗai, sai yaron aikinka ya taimaka. Kai kuwa bai kamata ka shiga ruwa ba mai riƙe maka igiya a sama ba, don haka wannan aibin bai kai ya kawo ba.

Sai masu ƙawanya biyu, ɗaya a riga ɗaya a safa, a haɗa su, zoben roba a tsakani ya toshe ruwa. Su ne ka gani a intanet. Kubi ta alminiyom ce, zagayayya, turawa ake yi ta zauna, kuma tana zuwa da faɗin milimita 70, 80, 90 da 100. Tana da samfurin da ake ɗorawa a kan robar lateks da ke jikin riga ba tare da gam ba, da kuma wanda ake mannewa dindindin. Rolock murɗawa ake yi ta kulle, kamar yadda ake sa ƙwan fitila mai ƙusa biyu. SI TECH na ƙasar Suwidin suna da iri da yawa, cikinsu har da Antares, mai siffar ƙwai, wadda ta bi yanayin hannun mutum don haka ba ta cika tudu ba, kuma da 'yan haƙora take kamawa. Waterproof, su ma 'yan Suwidin, suna da Ultima. Duk cikinsu babu na banza, kowanne akwai masu nutso da suka shekara da shi suna yabo.

Abin da zai raba maka gardama shi ne yashi da laka. Waɗannan kayan an fi gwada su a ruwan teku da tafkuna masu haske. Kogin Kaduna a watan Agusta da Satumba ja wur yake, ko tafin hannunka ba ka gani, komai da lalube ake yi, kuma laka tana shiga kowane lungu. Tsarin da ke da haƙora, ko zare, ko wani abu mai motsi, yana da wurin da yashi zai maƙale. Ko dai ya ƙi kulluwa sosai, ko ya ƙi buɗuwa bayan ka fito a gajiye. Tsarin da ba shi da komai sai ƙarfe da zoben roba, ka ɗauraye a bokiti ka goge da tsumma, shi ke nan. Saboda haka ni da kuɗina, don irin aikinka, zagayayyar ƙawanya ta turawa zan saya, samfurin da ke hawa kan robar lateks ɗin da kake da ita, in ƙi taɓa rigar da gam tukuna. In ka yi shekara da ita ka ga ta karɓe ka, sai a yi maganar mannewa.

Na san zuciyarka za ta raya maka Panteka, don babu abin da mutanen nan ba za su ƙera ba in ka kai musu samfuri, kuma ina girmama su. Amma ramin da zoben roba ke kwanciya a ciki awonsa na gashin kai ne, kuma ɗan kaifi kaɗan a bakin ƙarfe ya isa ya yanka lateks. Kai musu abin rataye tukunya ko tsanin hawa jirgi. Ƙawanya dai ka saye ta daga masu ita.

Girman ƙawanya kuma kada ka yi shi da ka. Sa safar cikin da za ka yi aiki da ita, ka naɗe babban yatsa cikin tafi kamar za ka sa warwaro, ka auna inda ya fi faɗi. Mafi ƙanƙantar ƙawanyar da hannun zai wuce ba tare da kokawa ba ita ce taka. Mutane suna son babba don sauƙin sawa, sai sun shiga ruwa su ga tana karo da madaurin kafaɗa, tana hana su kai hannu baya ga bawul ɗin tukunya, tana kama ragar masunta. Ga mai zura hannu tsakanin sandunan ragar bututu yana ciro leda da reshe, ƙarin milimita 10 na iya zama abin da zai riƙe shi a ƙasa. Tunda kana da niyyar ƙasar sanyi, yi awon da safar ciki mai kauri, ba da 'yar siririyar da za ka sa a nan ba.

Safar kanta ba wani abin sihiri ba ce, ta ma'aikatan masana'anta da masunta ce. Shuɗiyar nan da za ka gani a hannun masu nutso da yawa a Turai Showa 660 ce, ta PVC, ta kamfanin Japan, an yi ta don masu aiki da mai. Tana da ƙarfi, tana jure gogayya, sai dai tana ƙara tauri a ruwan sanyi. Showa 720 ta naitiril ce, ta fi laushi, yatsu sun fi sakewa a cikinta, kuma naitiril ba ya tsoron man fetur da dizal. Baƙar safar lateks ta fi duka ba ka jin abin da ka taɓa, amma mai yana cinye ta, don haka ba ta dace da ruwan da ke da ƙyallin mai a sama ba. Leƙa shagunan da ke sayar da hular kwano da takalman ma'aikata a cikin gari da wajen Kakuri, ka nemi doguwa wadda ta wuce wuyan hannu sosai, rufaffiya har baki, ba mai yadi a bayan hannu ba. Duba bakinta: in yana da kaushi ko ƙurji-ƙurji a daidai inda zai kwanta kan ƙawanya, ruwa zai bi ta nan. Sayi guda huɗu ko biyar lokaci ɗaya. In aikin na cikin tarkacen ƙarfe ne ko fasassun kwalabe, ɗora wata safar aiki mai arha a sama ta sha wahalar.

A ciki kuma kada ka sa auduga. Tana shan gumi ta riƙe, hannu ya yi laushi kamar na mai wanki, fata ta fara saɓulewa. Siririyar ulu ko ta zaren roba irin ta 'yan wasanni ta fi. Kuma ka sani, sau da yawa abin da sabon mai nutso ke kira yoyo a ƙasar nan guminsa ne. In hannu biyu sun jiƙe daidai wa daida, gumi ne. In ɗaya ya fi ɗaya, nemi huji.

Bari in ba ka labarin yoyona na farko. Ina kan jirgi, sanyi na kaɗawa, ana jirana, na tura ƙawanyar hagu na ji ta zauna, ban duba ba. Ashe wani ɗan zare daga bakin safar ciki, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, ya kwanta a kan zoben roba. Ina kaiwa mita 12 na ji kamar an ɗiga mini ƙanƙara a gindin babban yatsa, ɗigo ɗaya, sai na biyu, sai tafin ya cika. Na ba da alama aka jawo ni. Da muka buɗe, safa lafiya lau, zobe lafiya lau, ga zaren nan a miƙe yana kallona. Tun daga ranar, kafin in haɗa, sai na tura bakin safar ciki can ciki, in bi zoben da ɗan yatsa zagaye guda, in haɗa, in sake bin bakin ƙawanyar da ido. Gashi guda ɗaya ma yana yin wannan aikin.

Abin da zai kashe maka kaya a Kaduna kuwa ba a cikin ruwa yake ba, a gida yake. Lateks yana da maƙiya: zafi, hasken rana, mai kowane iri, da iskar da injinan lantarki ke fitarwa. Ka ga ke nan shagon da aka ajiye janareta da jarkar fetur shi ne mafi munin wurin rataye riga, kuma nan ne kowa ke ratayewa. But ɗin mota da rana ma haka. Sannan ga hunturu: kowa ya shafe hannu da basilin ko man kaɗanya saboda kaushi, ya zo ya zura cikin robar wuyan hannu. Na ga robar da aka yi wa haka ta koma kamar cingam, tana manne wa yatsa, ka ja ta ta rabu biyu. Wanke hannu da sabulu kafin ka sa riga, ka yi amfani da hoda marar ƙamshi ko ruwan sabulu don santsi. Zoben roba kuma, in takardar kamfanin ta ce a shafa masa man silikon, ɗan kaɗan ake sawa har ya yi sheƙi kawai. In ka lafta, ƙurar hunturu ta sauka a kai, ka haɗa wa kanka sanfefa. Ajiye ƙawanyoyin cikin leda mai zif, da zobban roba na canji aƙalla saiti biyu, don su ne abin da ba za ka samu a kasuwa daidai awo ba.

Tunda rigar ta hannu ce, duba robar kafin ka kashe ko sisi. Ja ta a hankali a gaban haske. In ka ga ƙananan tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani, ko ta yi danƙo, ta gama yayi, kuma ƙawanya za ta ƙarasa ta ne a ranar farko. In dole sai an canza, a nan ne za ka yi tunanin silikon a madadin lateks. Ba ya lalacewa da zafi da rana kamar lateks, ba ya sa wa masu ƙyamar lateks ƙaiƙayi, amma gam ba ya kama shi, sai an manna wa rigar ƙawanya ta dindindin wadda zai zauna a ciki. Amfanin hakan, in ya tsage ka canza shi da hannu a bakin ruwa cikin 'yan mintuna. Yana saurin yagewa in farce ya kama shi, don haka yanke farce.

Abu biyu da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru ba. Bakin bututun famfo da ƙofar dam suna cikin wuraren da suka fi cin ran masu nutso a duniya, saboda jan ruwa: ba ka ganinsa, ba ka jinsa, sai ya manna ka da raga, kuma ƙarfin mutum goma ba zai ɓamɓare ka ba. Kada ka yarda da “an kashe”. Ka je da ƙafarka ka ga an kashe, a sa kwaɗo a makunnin, makullin ya kwana a aljihun mai riƙe maka igiya. Na biyu, Kaduna tana sama da teku da wajen mita 600, alhali jadawalin zurfi da lokacin nutso da aka koya maka a Legas na wurin da bai wuce mita 300 ba ne. Saita kwamfutar hannunka a kan tudu da ruwan daɗi, ko ka yi aiki da jadawalin da aka gyara don haka.

In kayan sun iso, kada ranar aiki ta zama ranar gwaji. Ɗaura safar a ƙawanyarta, babban yatsa yana kallon inda naka zai kalla, tsawonta daidai yadda yatsunka za su kai ƙarshe ba tare da ta ja ba in ka dunƙule hannu. Toshe bakin da tafinka, ka matse iskar zuwa yatsu, ka nutsa cikin bokiti ka jira ko kumfa za ta taso. Sannan ka sa rigar gaba ɗaya, ka haɗa ka cire sau goma ido a rufe, don a kogi ma haka za ka yi. Daga nan ka zuba noti da washa guda biyar a gindin bokitin, ka tsince su ɗaya bayan ɗaya ka ɗaura a kan ƙusa. In ka kasa, safar ta yi maka yawa, koma lamba ta ƙasa.